Jikan Maikasuwa Ba Ya Cin Gyaɗa

Kazaure, farkon sanyi, 1954

Takarda ta fito daga hannun ƙanwarki Dela, matar Malam Sama'ilu malamin gona, zuwa ga Yaya Baraka a gidan Baba Maikasuwa da ke Roni. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gaida Baba da girmamawa, ina gaida matan gida kowa da kowa. Yaya gajiyar kaka?

Bayan haka, Yaya, Na'Allah direba ya kawo saƙon Baba cewa a kai yaron nan Roni a yi masa kaciya tare da 'ya'yan gida. Malam ya ce to. Kin san ƙanenki, in Baba ya yi magana ba ya da wata amsa sai wannan. Yana ɗaure kaya a bayan keke ya faɗa mini, ya kama hanyar Gwiwa rangadi, ya bar ni da saƙe-saƙe. Ni kuma ga tsohon ciki, cikin makon nan za a kai ni Babura wurin mahaifiyata Inno in haihu a can. Ke kaɗai ce zan iya kai wa kukana.

Na san abin kunya ne uwa ta zauna tana rubuta takarda a kan ɗanta na fari. Ko sunansa bai taɓa fita daga bakina ba, kuma da Inno za ta ga abin da nake yi da ta ce na zubar mata da mutunci a rugarsu. To amma ran yaro ake magana, kunya ta dakata tukuna.

Yaron nan ba ya cin gyaɗa. Ba tsirfa ba ce, jikinsa ne ba ya karɓarta. Kina Katsina gidan mijinki marigayi lokacin da muka sha fama, shi ya sa zan faɗa miki daga tushe. Tun yana goye yake da fuka, in sanyi ya shigo ƙirjinsa ya dinga ƙugi. Da aka kai shi yaye Babura, fura da nono kawai yake sha, ya yi ɓulɓul, har na ɗauka ciwon ya tafi. Ranar da aka dawo da shi na dama masa kunun gyaɗa don murna. Kafin in wanke ludayi leɓensa ya kumbura, jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu da borin jini, numfashi ya gagara. Aka ce iska ce, aka ce baki ne, aka sha rubutu, aka yi hayaƙi. Ni dai na zuba ido ina lura. Sai na ga duk ranar da aka yi miyar taushe, ko wani ya miƙa masa ƙuliƙuli, ranar ba ma kwana lafiya. Malamin asibitin nan ya tura mu Kano, likita ya duba shi ya ce abin da na gani haka yake, kuma ba shi da magani sai kiyayewa.

Tun daga nan gyaɗa ba ta sake ƙetare zaurena ba. Ki duba fa, gidan malamin gona, wanda aikinsa ke nan yawon raba wa manoma irin gyaɗa!

Abin da yake ci ba wuya gare shi ba. Tuwon dawa ko na gero da miyar kuka ko kuɓewa, amma da man shanu. Wake ko wane iri ne. Kwaɗon zogale yana sonsa ƙwarai, sai dai da riɗi nake yi masa a maimakon ƙuli. Nono kullum, hanta in an samu, da dafaffen ƙwai da safe. Na san za a yi magana a kan ƙwan, ki toshe kunnenki. Da shi na tayar da yaron nan daga ƙashi da fata.

Na haɗo shi da tukunyarsa da akushinsa da ludayinsa da ɗan turminsa, ga ƙwaryar man shanu daga Inno, ga riɗi. Don Allah kada a daka masa yaji a turmin gida, kada a juya masa miya da ludayin da ya shiga wata tukunya. Na san gidanku a watan nan, ko bangon ɗaki aka lasa sai an ji man gyaɗa.

Ki yafe mini tsawon bayani. Allah ya bar zumunci. Haza wasalam.

Dela

*

Roni

Daga Baraka 'yar Maikasuwa zuwa ga amaryarmu Dela. Ina amsa gaisuwarki, ina miki fatan sauka lafiya. Ki gaida Inno, ki ce man shanunta ya iso, har na ɗan taɓa don in tabbatar ba guba a ciki.

Ke Amarya, ashe haka kike da baki a takarda? Shekara da shekaru kina sunkuyar da kai a gabana, ashe alƙali ne a cikinki.

To, Lauwali ya iso lafiya. Ni zan faɗi sunansa tunda ke an ɗaure miki harshe. Ya sauko daga motar Na'Allah rungume da turmi, ga akushi a ka, matan gida suka fashe da dariya suna tambaya wane gida aka kawo amarya. Ya gaida kowa, sannan ya tambaye ni inda zai ajiye kayansa da ba za a taɓa ba. Yaron nan siriri ne, amma idonsa a tsaye yake.

Baba kuwa kin san hali. Bana gyaɗa ta yi kyau, buhuna sun cika ƙofar gida har ba a ganin dakali, kuma in kin ji shi yana ba da labari sai ki rantse rabin dalar gyaɗar Kano daga gonarsa ta fito. Da na faɗa masa saƙonki sai ya ajiye carbi ya ce, "Jikan Maikasuwa ba ya cin gyaɗa? Gyaɗar da ta gina soron nan, ta kai ubansa makaranta? Wannan shagwaɓar 'yan birni ce." Na ce likita ne ya faɗa. Ya ce likitan a gidan wa ya taɓa noma.

Maganar ƙwai ma an yi ta. Saude matar ƙanenmu Lado ta ja ni gefe ta ce ko na manta yaron da ake ba ƙwai ɓarawo yake zama. Na ce mata ai nata 'ya'yan ba su taɓa cin ƙwai ba, amma wa ya kwashe mini tsamiyar da na shanya? Ba ta sake tada zancen ba.

An yi kaciyar, kuma ki saki ranki. Wallahi Dela, da kin ga ɗanki da kin manta da kunya kin yi guɗa. 'Ya'yan Lado ƙarti biyu sai da aka danne su, suna kiran uwa suna kiran uba. Shi kuwa ya zauna da kansa, ya cije leɓe, ko hawaye bai yi ba. Wanzami ya ce ya daɗe bai ga irinsa ba. Baba yana tsaye, na ga ya shafa gemu.

Yanzu suna kwance a rumfar da aka yi musu a tsakar gida, maƙwabta sai aiko da abinci suke, kunun gyaɗa ƙwarya-ƙwarya. Na zama dogari a bakin rumfa. Nasa ni nake dafawa da hannuna a tukunyar da kika aiko, can bayan ɗakina nesa da masu suyar mai. Ba zan ɓoye miki ba, wani lokaci ina ganin kamar kin cika tsoro, amma amana ce, zan riƙe.

Abu biyu ne dai ya kamata ki sani. Na farko, in ciwon yara ya fara kamewa Baba yakan yanka rago a gasa, ya tara liman da dattawan gari, ya sa wa kowane yaro lomar farko a baki da hannunsa, ya sa masa albarka. Haka ubansa ya yi masa, haka ya yi wa Sama'ilu da Lado. Naman kuwa da yajin ƙuli ake birkiɗe shi. Na taɓa masa maganar, ya ce loma ɗaya ce, ba kwano ba. Na biyu, na ji yana gaya wa liman cewa in an warke yaron a nan zai zauna, shi zai riƙe shi ya mai da shi namiji.

Ki kula da kanki. Sai na ji daga gare ki.

Yayarki Baraka

*

Babura

Daga Dela zuwa ga Yaya Baraka. Gaisuwa da godiya mai tarin yawa. Inno tana amsawa, ta ce in man ya ƙare ki yi magana. Na ba wani mai kai shanu kasuwar Kazaure takardar nan ya miƙa wa Na'Allah, Allah ya sa ta iso kafin ranar ragon.

Labarin kaciya na karanta shi har takarda ta yi laushi. Na shiga bayan bukka na yi murmushina ni kaɗai, kada Inno ta gani.

Amma Yaya, loma ɗaya! Bari in ba ki labarin loma ɗaya. Wata Babbar Salla, yana ɗan shekara huɗu, maƙwabcinmu ya ba shi yankan tsire guda a ƙofar gida, don kirki kawai. Ya shigo yana taɓa wuyansa, muryarsa ta shaƙe, idanunsa suka rufe don kumburi. Malam ba ya nan. Ni matar kulle, da rana tsaka, na saɓa shi a kafaɗa na fita ba mayafi ba takalmi, na ratsa masu yawon Salla har asibiti. Malamin asibiti ya yi masa allura, ya ce da na tsaya neman mayafi da wani zancen ake yi. Har yau akwai matan da ke nuna ni a gidan biki, kuma ko a jikina. A Kazaure ke nan, inda allurar take kusa. A Roni fa?

Ga shawarata, in kin ga ta yi. Ki yanki nama daga ragon kafin a sa masa komai, ki gasa daban, ki daka yajinsa da riɗi a ɗan turminsa. A ido ba za a bambanta ba. Baba ya wanke hannu ya fara da shi, kafin ya taɓa na sauran. Albarka ta samu, al'ada ba ta karye ba, ba wanda ya ji kunya. Ki lallaɓa shi a keɓe, kada a gaban mutane, kin fi ni sanin mahaifinki.

In kuma duk ya ƙi, to saura yaron da kansa. Tun bayan Sallar nan nake koya masa. Nakan ajiye abinci a gabansa in ce ci, in ya kai hannu bai tambaya ba in janye kwanon. Na sa ƙawayena sun gwada shi da alewa, na sa ubansa ya gwada shi. Yana kuka ina kuka a ciki, amma ban fasa ba. Yanzu ko yunwa ta kai masa ko'ina sai ya tambaya me aka sa. Mutane suna cewa na hana yaro sakewa. Su faɗa. Yaron da aka ce ba zai yi rai ba, ga shi yau ya zauna gaban wanzami da ƙafarsa, kuma abincin hannuna ne ya kai shi. Wannan kam ina taƙama da shi, ko a gaban wa.

Sai dai ban taɓa gwada shi da kakansa a gaban dattawa ba. Yaro ne, Yaya. Ina tsoron kunya ta sa ya buɗe baki.

Maganar riƙo ba ni da ta cewa, ɗan fari na kakanni ne, haka muka taras. Amma kin san abin da ke raina.

Allah ya saka miki da alheri. Wasalam.

Dela

*

Kazaure

Dela, gaisuwa. Muna asibitin Kazaure da Lauwali. An yi masa allura, numfashi ya dawo, yanzu barci yake. Da ransa, na rantse miki da Allah da ransa. Baba yana nan tare da mu, an aika Gwiwa a kira Sama'ilu. Kada ki taso da cikin nan. In na natsu zan rubuto miki komai.

Baraka

*

Babura

Zuwa ga Yaya Baraka. Ina gaisuwa.

Takardarki ta same ni a kan gadon jego. Na sauka lafiya, mace ce. Da ba don haka ba da yanzu ina Kazaure ko da rarrafe ne. Na miƙe zan fita, Inno ta zauna a bakin ƙofa ta ce sai dai in taka ta.

Ba ki faɗa mini abin da ya faru ba, amma ba sai an faɗa ba. An ba shi, ya ci. Na aiko da tukunya, na aiko da turmi, na zubar da kunyata a takarda, duk bai isa ba.

To ki ji, kuma ki isar. In Baba jika mai cin gyaɗa yake so, ga 'ya'yan Lado nan, Allah ya raya masa su. Wannan ba zai koma Roni da zama ba. Ban taɓa ɗaga ido na dubi Baba ba, ban taɓa musa wa Malam ba, amma a kan wannan a kira ni marar kunya daga nan har Daura, na ɗauka. Ni na san daren da na yi a zaune da ƙirjin yaron nan a kan cinyata. Ba zan raine shi shekara bakwai da cokali da lura ba, a kashe mini shi da loma ɗaya don kada dattawa su yi magana.

Ke ban ga laifinki ba. Ki rubuto mini gaskiya, yana magana? Yana cin abinci? Wa ke dafa masa?

Dela

*

Roni

Daga Baraka zuwa ga Dela maijego. Barka da arziki, Allah ya raya mana ita, ya ba ki lafiyar shayarwa. Lauwali ya warware sarai, mun dawo gida, yana cin tuwonsa, kuma ni ke dafawa. Da aka ce masa ƙanwa ya samu sai ya ce ba komai, ita ma zai koya mata tambaya.

Yanzu ki gyara zama, don kin yi kuskure a abu ɗaya. Bai ci ba. Ɗanki bai ci ba, Dela!

Takardarki ta iso a kan lokaci, na yi duk yadda kika ce. Na gasa nasa daban, na sami Baba a turakarsa na lallaɓa shi. Ya ce ba a raba wa 'yan kaciya akushi, tare suka zubar da jini, tare za su ci. Na kawo nawa kwanon duk da haka na ajiye kusa, ya sa aka ɗauke.

Da hantsi aka shimfiɗa tabarmi, liman da dattawa suka zauna, aka jera yaran. Baba ya naɗe hannun riga ya fara da 'ya'yan Lado, suna karɓa har da lasar yatsunsa. Ya iso kan Lauwali ya miƙa masa. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, akwai ƙuli a ciki?"

Baba ya ce, "Buɗe bakinka."

Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, in akwai ba zan ci ba."

Baba ya ce, "Hannuna ne fa. Ka san hannun wa kake mayarwa?"

Ya ce, "Na sani. Iya ta ce ko daga hannun Sarki ne in tambaya. Kuma ni ba na son in mutu ban ga abin da za ta haifa ba."

Wani dattijo ya yi dariya, ita ce ta ɓata komai. Baba ya fusata, ya kama haɓarsa da hannun nan mai maiƙo, ya goga masa naman a leɓe. Yaron ya datse haƙora. Wanda bai yi wa aska kuka ba, sai ga hawaye shar-shar, amma bakin nan ko allura ba za ta shiga ba. Na yi kukan kura na shiga tsakani, na goge masa baki da gefen zanena. Baba ya jefar da naman ya ce uwarsa ta lalata shi, ya wuce kan yaro na gaba.

Bai gama da sauran ba liman ya ce, "Maikasuwa, juyo ka ga hannunka." Dela, shatin yatsun Baba ne ya taso a fuskar yaron, huɗu a wannan kunci, babban yatsa a wancan, jawur, kamar an zana. Leɓe ya fara kumbura, ƙirji ya ɗauki ƙugin nan da kika faɗa. Na tuba, ni da na ce kin cika tsoro.

Motar Na'Allah tana ƙofar gida an gama yi mata lodi za ta Kano. Na'Allah ya ce da wannan nauyi sai ta kafe a yashin rafi. Baba ya ce a sauke. Da ya ga ana sanyin jiki sai ya hau da kansa, tsoho da shi, yana turo buhuna ƙasa. Wasu suka fashe, awakin unguwa suka yi Salla, ko waiwaye bai yi ba. Ya dawo da gudu zai sunkuci yaron, har ya miƙa hannu, sai ya tsaya ya dubi tafinsa. Ya mayar da hannuwan baya ya ce, "Baraka, ɗauke shi ke." Tunda nake ban taɓa jin muryar mahaifina haka ba. Ni da yaron muka shiga gaba, shi ya hau bayan mota inda ake zuba kaya, don rigarsa duk ƙurar gyaɗa ce. Haka Maikasuwa ya shiga Kazaure a tsaye a bayan mota kamar ɗan dako, hula ma ta faɗi a hanya.

Sauran kin sani. Malamin asibiti ya ce da loman nan ya wuce maƙogwaro, da ba mu iso da shi ba. Baba ya nemi sabulu ya wanke hannu har gwiwa, ya sake wankewa, ya aika kasuwa aka sayo masa wata riga, sannan ya shiga. Yaron yana buɗe ido ya gan shi, sai ya ce, "Baba, albarkar ta shige ni, ko sai na ci?"

Baba ya juya mana baya ya daɗe yana duban bango. Can ya ce da ni, "Me kika ce uwarsa tana ba shi da safe?" Na ce ƙwai. Ya ce a dafo. Ya ɓare da hannunsa, ya sa masa a baki, ya dafa kansa ya yi ta sa albarka har malamin asibiti ya ce a bar yaro ya huta. Da muka dawo Saude ta fara gunaguninta, Baba ya ce, "In ya yi sata a zo a kama ni."

Sama'ilu ya iso a keke bayan an gama komai, kamar yadda ya saba, ya tsaya yana ta godiya ga kowa.

Takardarki mai zafin nan kuwa na karanta wa Baba, ban rage ko kalma ba, tunda kin ce in isar. Na zaci zai yi faɗa. Sai kawai ya ce, "Ashe can ya gado." Tun ranar duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ba shi labari, kuma kullum labarin ƙaruwa yake. Jiya na ji yana cewa har Baturen awon gyaɗa bai taɓa mayar masa da hannu ba, sai jikansa. Ya kira liman ya rubuta masa takarda zuwa gare ki, ga ta nan na haɗo miki. Ban san abin da ke ciki ba, kuma raina ya biya.

Ki sha kunun kanwa da kyau. Ki gaida Inno.

Yayarki Baraka

*

Roni

Da sunan Allah. Daga Maikasuwa na Roni, ta hannun liman, zuwa ga 'yata Dela. Gaisuwa da barka. Allah ya raya abin da aka samu.

Bayan haka, suruki ba ya rubuta wa matar ɗansa takarda. Na sani, na kuma rubuta.

Yaro zai dawo hannunki in kin yi arba'in. Wanda ya iya riƙonsa shi ya fi cancanta da shi. Amma duk shekara ina son a kawo mini shi ya kwana biyu. Na fitar da suyar mai da dakan ƙuli daga cikin gida, an yi musu rumfa a bayan gari. Gonar bayan gida, wadda tun zamanin ubana gyaɗa ake sa mata, baɗi riɗi da wake za a shuka. Ki aiko wa Baraka da duk abin da ya kamata mu sani, za a bi.

An ce mini ba kya faɗin sunansa. Haka ya dace, ki ci gaba. Ni zan faɗa a madadinki. Ranar Juma'a a ƙofar masallaci mutane suka tambaye ni wane ne yaron da ya mayar da hannun Maikasuwa. Na ce musu jikana ne, Lauwali ɗan Dela. Yanzu duk Roni haka ake kiransa.

Allah ya yi miki albarka. Haza wasalam.